Fatar ido ta sauka da la'asar: me ya haɗa ta da ɗan naman da ke bayan ƙashin ƙirji?

Akwai ciwon da yake farawa kamar wasa. Mutum ya tashi da asuba garau, ya fita nema. Kafin la'asar fatar ido ɗaya ta fara sauka kamar mai gyangyaɗi, mota ɗaya a titin Agege na Legas ta koma biyu a idonsa. Ya zauna cin tuwo, muƙamuƙi ya gaji tun bai kai rabin malmala ba. In ya daɗe yana magana sai murya ta koma ta hanci. Ya kwanta ya huta, gari ya waye ya warware, da yamma abin ya dawo. A Idi-Araba ko Alaba Rago, abin da za a fara cewa shi ne sammu ne, ko shanyewar ɓarin jiki ke tafe, ko kuma, in mace ce, a ce son jiki ne. Alhali ciwo ne sananne mai suna mayasteniya girabis, kuma a wajen masu shi da yawa tushensa yana cikin wani ɗan nama da ake kira taimus.

Duk mahaucin da ya saba feɗe maraƙi ko ɗan rago a kwatar Oko-Oba ya san wannan naman ko da bai san sunansa na asibiti ba: fari-fari ne mai laushi, daga ƙasan wuya zuwa saman zuciya, kuma a tsohon sa da kyar ake ganinsa don ya koma kitse. Haka yake a jikin ɗan Adam. Ɓari biyu ne, a bayan ƙashin ƙirji, gaban manyan jijiyoyin jini. Yana kan ganiyarsa a yarinta, nauyinsa ya kai wajen giram 30 zuwa 40 lokacin balaga, daga nan ya riƙa motsewa kitse yana maye gurbinsa. Likitoci sun daɗe suna ɗaukarsa naman banza, sai a 1961 Jacques Miller ya cire shi daga jikin jariran ɓeraye a Landan, ya ga garkuwar jikinsu ta rushe.

Aikinsa kamar na Depot ɗin sojoji na Zariya ne. Ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T suna fitowa daga ɓargo ɗanyu, su shiga taimus a horar da su. A ɓangaren waje ake tace waɗanda za su iya aiki. A ɓangaren ciki ake yin jarrabawa mafi muhimmanci: a nuna wa kurtu fuskokin 'yan gida, duk wanda ya zabura zai kai wa ɗan gida hari a kashe shi nan take, ko a mai da shi ɗan sintirin da zai riƙa tsawata wa sauran. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shiga ba sa fitowa da rai.

To ta yaya naman da ke cikin ƙirji zai san fuskar furotin ɗin da ke cikin ido, ko saifa, ko tsokar ƙafa? A nan furotin mai suna AIRE ya shigo. An gano ƙwayar gadonsa a 1997, kuma a 2002 aka nuna aikinsa: yana sa ƙwayoyin da ke koyarwa a cikin taimus su ƙera ɗan samfuri na dubban furotin na sauran sassan jiki, kaɗan-kaɗan, don kawai a nuna wa ɗalibai. A 2015 masu bincike a Jafan suka gano wani abokin aikinsa, FEZF2, mai kula da wasu samfuran daban. Sannan akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan a tsakiyar taimus masu kama da tsoka sak, ana ce musu mayoyid. Ku riƙe sunan nan, don a kansu rigimar take.

Abin da ke faruwa a mahaɗar jijiya da tsoka

Jijiyar saƙo ba ta manne da tsoka. Akwai ɗan rata tsakaninsu. In saƙo ya iso, bakin jijiya ya fesa wani sinadari, asetilkolin, ya tsallaka ya sauka a kan makarɓansa da ke jikin tsoka, ƙofa ta buɗe, tsoka ta motsa. A takardar gwaji za ku ga an rubuta wannan makarɓi da AChR. Gungu ne na furotin biyar: alfa guda biyu, beta, delta, sai na biyar wanda a ɗan tayi gama ne, a babba kuma efsilon.

A wajen kusan kashi 85 cikin 100 na masu mayasteniyar da ta game jiki, jini yana ɗauke da antibodi, wato furotin da garkuwar jiki ke ƙerawa don kama abokin gaba, amma a nan suna kama wannan makarɓi, galibi a wani ɗan gurbi na jikin alfa. Ɓarnar hawa uku ce. Mafi muni, suna kiran wata rundunar furotin ta jini mai suna kwamfilimen, ta zo ta huda fatar tsoka ta baje lanƙwashe-lanƙwashen da makarɓai ke zaune a kai. Na biyu, antibodi ɗaya ya kan ɗaure makarɓai biyu wuri guda, tsoka ta haɗiye su ta narkar da sauri fiye da yadda take ƙera sababbi. Na uku, wasu sukan toshe mazaunin asetilkolin ɗin kansa. Shi ya sa gajiya ke zuwa da yamma: ko a jikin mai lafiya, feshin asetilkolin yana raguwa in ana ta maimaita motsi, amma akwai rara mai yawa. Mai mayasteniya ba shi da rara. Ya ɗaga hannu sau biyar lafiya, na goma ya gagara.

An daɗe kafin a kai ga wannan fahimta. Thomas Willis ya siffanta ciwon tun 1672, Friedrich Jolly ya raɗa masa suna a 1895, Carl Weigert ya ga ƙari a taimus ɗin wani mai ciwon a 1901. John Simpson ya ce a 1960 garkuwar jiki ce ke cin gida. Hujjar ta zo a 1973, lokacin da Patrick da Lindstrom suka yi wa zomaye allurar makarɓin da suka tato daga kifi mai lantarki, zomayen suka langaɓe da irin wannan rauni.

Taimus ɗin da ya koma masana'anta

A nan ya kamata a tsaya, domin mayasteniya ba abu ɗaya ba ce, kuma halin da taimus ke ciki shi ke raba ta gida-gida.

Gida na farko shi ne wanda ciwon ya kama kafin shekara 50, mata sun fi yawa, wajen uku ga namiji ɗaya. In aka cire taimus ɗinsu aka duba a madubin likita, a mafi yawansu sai a tarar da abin da bai kamata a gani ba: curi-curin ƙwayoyin B, masu ƙera antibodi, sun kafa sansani irin wanda ake gani a kaluluwa. Taimus na lafiya makarantar ƙwayoyin T ce, ƙwayoyin B kaɗan ne a ciki. To wa ya gayyato su? Furotin masu kiran taro ne, musamman CXCL13 da CCL21, waɗanda taimus ɗin mai ciwon yake fitarwa fiye da kima. Har sababbin hanyoyin jini yake tsirowa don baƙin su sami hanyar shiga. Wani furotin, BAFF, yana ciyar da su ya hana su mutuwa. A bayan duk wannan akwai intaferon, sinadarin da jiki ke saki in ya ji motsin ƙwayar bairos. An nuna cewa intaferon-beta yana sa ƙwayoyin koyarwa su yawaita ƙera alfa na makarɓin, tare da furotin masu kiran taron.

Bayanin da ya fi zama a hankali shi ne abin taki biyu ne. Da farko ƙwayoyin koyarwa suna nuna guntayen makarɓi, ba cikakke ba, amma a cikin yanayin kumburi. Darasin da ya kamata ya zama "wannan ɗan gida ne" sai ya koma "ga abokin gaba". Antibodi na farko suka fito. Sai su waiwaya su ga ƙwayoyin mayoyid a maƙwabta, ɗauke da cikakken makarɓi a jikinsu, su far musu tare da kwamfilimen. Tarkacen ya bazu, ƙwayoyin B suka tsinta, suka ƙara gogewa a sansanoninsu, antibodi ɗinsu ya ƙara kaifi. Akwai shaida mai kyau a kan haka: makarɓin mayoyid irin na ɗan tayi ne, mai gama, kuma antibodi na masu wannan gida da yawa sun fi kama irin na ɗan tayin, duk da cewa tsokar babba efsilon gare ta. Ke nan a taimus suka koyi sana'ar. Ƙari a kan haka, in aka ɗauki ƙwayoyin taimus ɗin aka ajiye a kwanon gwaji, da kansu suke ci gaba da zubo antibodi. 'Yan sintirin da ya kamata su tsawatar kuwa suna nan, adadinsu bai ragu sosai ba, amma ba su da kataɓus.

Gida na biyu shi ne na ƙari, taimoma. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu mayasteniya suna da shi, kuma wajen ɗaya cikin uku na masu taimoma suna samun mayasteniya. Nan matsalar daban ce. Ƙarin yana ci gaba da yaye ƙwayoyin T, amma makaranta ce da ba ta da ajin ƙarshe. Kusan duk taimoma ba sa fitar da AIRE, furotin MHC na biyu da ake ɗora samfuri a kai don nunawa ya yi ƙaranci, mayoyid babu, 'yan sintiri kuma ba a samar da su yadda ya kamata. Kurata suna fita da bindiga ba tare da an nuna musu 'yan gida ba. Wani bincike daga Osaka a 2022 ya gano cewa a taimomar masu mayasteniya akwai rukunin ƙwayoyin koyarwa da ke ƙera furotin na jijiya da tsoka ba bisa tsari ba. Shi ya sa jinin masu taimoma yakan ɗauki wasu antibodi na daban, masu kama taitin da makarɓin rayanodin, furotin biyu na can cikin tsoka. In aka ga antibodi na taitin a jinin wanda bai kai 40 ba, a nemi ƙari da gaske.

Gida na uku, wanda ciwon ya kama bayan 50, maza sun ɗan fi yawa, taimus ya riga ya zama kitse. Na huɗu kuwa shi ne masu antibodi na MuSK, wanda aka gano a 2001, kashi 5 zuwa 8 cikin 100. MuSK furotin ne mai tattara makarɓai wuri ɗaya a jikin tsoka. Antibodi ɗinsa ba ya kiran kwamfilimen, kuma taimus ɗin waɗannan mutane galibi lafiyarsa lau. Ciwonsu ya fi kama fuska, harshe, haɗiya, wuya da numfashi. Akwai kuma 'yan kaɗan masu antibodi na wani furotin, LRP4, da waɗanda ba a ga komai a jininsu ba.

Amfanin wannan rabe-rabe ɗaya ne: wuƙar likita tana taimakon gida na farko, wajibi ce ga na biyu, ba ta da amfani ga mai MuSK. Wanda aka buɗe wa ƙirji ba a auna jininsa ba, an yi masa caca da ƙashi.

Bari a ɗan ratse kan wani abu da ke ruɗar mutane. Taimus yana fitar da wasu ƙananan furotin, taimosin, taimulin, taimofoyetin. Gideon Goldstein ya tato taimofoyetin daga taimus ɗin shanu ne yana neman abin da ke kawo mayasteniya, don a lokacin ana zaton taimus na zubo wani sinadari mai toshe saƙon jijiya. Gano antibodi ya ture wannan zato gefe. Yau sai ka ga ana tallar ƙwayoyin "tsantsar taimus" da sauran masu "ƙara garkuwar jiki" a Facebook da WhatsApp. Mai mayasteniya ba ƙarancin garkuwa ke damunsa ba. Garkuwar ce ta yi kuskuren abokin gaba, kuma ƙara mata ƙarfi kamar ƙara wa mahaukaci kulki ne.

Gwaji, bi da bi

Likitan jijiyoyi ake nema, kuma a Legas akwai su a asibitocin koyarwa, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Zai sa mara lafiya ya kalli sama na minti ɗaya ko biyu ya ga ko fatar ido za ta zamo. Akwai gwajin ƙanƙara: a ɗora ta cikin leda a kan rufaffen ido na minti 2, in fatar ta ɗaga da milimita 2 ko fiye, alama ce mai ƙarfi, don sanyi na rage saurin enzayim ɗin da ke narkar da asetilkolin. Wannan dalilin ne kuma ya sa zafin rana, zazzaɓi da wanka da ruwan zafi suke ƙara raunin.

Sai jini. Antibodi na AChR ake fara nema, in babu a nemi na MuSK. A kula, mai ciwon ido kaɗai kusan rabi ne ake ganin antibodi a jininsu, don haka rashin ganinsa bai wanke mutum ba. Yawan adadin kuma ba shi ke nuna tsananin ciwo tsakanin mutum da mutum ba. Sannan gwajin lantarki: a riƙa zungurar jijiya sau 2 zuwa 3 a daƙiƙa, in amsar tsoka ta faɗi da fiye da kashi 10 cikin 100, ya tabbata. A auna tayirod, ƙullin wuyan da kumburinsa ke kawo maƙoƙo, don ciwonta yakan raka mayasteniya.

Duk wanda aka tabbatar masa, ko ido kaɗai ne, sai an yi masa hoton CT na ƙirji. Eksire na yau da kullum yana tsallake ƙaramin ƙari, domin inuwar zuciya da ƙashin ƙirji suna ɓoye shi. Mutane sukan tsaya a eksire don sauƙin kuɗi, su tafi da takardar "ƙirji lafiya" alhali ƙarin yana nan. Shi ma CT yana da iyaka: yana ganin ƙari, amma ba ya ganin sansanonin ƙwayoyin B. Taimus mai girman daidai a hoto zai iya zama cike da su.

Tiyata

Ferdinand Sauerbruch ya cire taimus ɗin wata mai ciwon a 1911. Alfred Blalock ya cire ƙari daga ƙirjin wata budurwa a 1936 a Amurka, ta sami sauƙi, daga nan aikin ya bazu. Amma shekara 80 aka yi ana gardama ko yana da amfani ga wanda ba shi da ƙari. Wani bincike mai suna MGTX, wanda aka wallafa a 2016, shi ya raba gardamar. Mutum 126 ne, 'yan shekara 18 zuwa 65, duk masu antibodi na AChR, ciwon ya game jiki, bai kai shekara 5 ba, babu ƙari. Aka yi wa rabi tiyata tare da firednison, maganin sitiroyid mai danne garkuwa, rabi kuma firednison kaɗai. Cikin shekara 3, makin rauni na waɗanda aka yi wa tiyata ya tsaya a 6.15, na ɗaya ɓangaren 8.99, kuma ƙarami shi ne sauƙi. Masu buƙatar ƙarin maganin danne garkuwa, azatiyofirin, kashi 17 cikin 100 ne a ɓangaren tiyata, kashi 48 a ɗayan. Waɗanda ciwon ya tashi har aka kwantar kashi 9 ne a ɓangaren tiyata, kashi 37 a ɗayan. Yawan sitiroyid ɗin da suke sha ma ya ragu. Shawarar ƙwararru yanzu ta fi ƙarfi ga 'yan 18 zuwa 50, kuma gara da wuri.

Ba taimus ɗin da ido ke gani kaɗai ake cirewa ba. Ɓurɓushinsa yana warwatse cikin kitsen gaban ƙirji da ƙasan wuya, don haka ana kwashe kitsen gaba ɗaya, daga ƙasan tayirod zuwa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, daga jijiyar numfashi ta dama zuwa ta hagu. In aka bar ragowa, masana'antar ba ta rufe ba. Ana yi ta tsaga ƙashin ƙirji, ko ta ƙananan huji da kyamara a inda akwai kayan aiki da gwani. Haɗarin da ake tsoro: a taɓa jijiyar numfashi rabin tantanin ya shanye, wanda ga mai mayasteniya babbar musiba ce, a taɓa jijiyar murya, ko babbar jijiyar jinin da ke gicciye a bayan taimus ta yage.

Wannan ba aikin gaggawa ba ne. Ba a shiga da mutum yana shaƙewa ko haɗiya na gagararsa. Sai an daidaita shi, in ta kama a ba shi IVIG, wato antibodi na masu lafiya da ake ƙarawa ta jijiyar jini, giram 2 ga kowane kilo na nauyinsa a rarrabe cikin kwana 2 zuwa 5, ko a yi masa tacen ruwan jini wajen sau 5. Likitan sa barci dole ya sani, domin magungunan sassauta tsoka irin su rokuroniyom suna kama mai mayasteniya fiye da kima, ɗan kaɗan ya hana shi numfashi da kansa bayan aiki. Kada a yarda a yi aikin a wurin da babu sashen kulawa ta musamman da na'urar taimakon numfashi. Ƙashin ƙirji yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. Ɗan dako a Mile 12 ko direban tirela a Apapa ya shirya wa wannan hutun tun kafin a sa rana.

Babban abin da ke karya gwiwar mutane shi ne jiran sakamako. An cire taimus, wata biyu ido na nan a sauke, sai a ce aikin bai yi ba. Ƙwayoyin da suka riga suka yaye sun bar makaranta tuntuni, sun zauna a ɓargo da kaluluwa suna ƙera antibodi, wasunsu shekaru suke rayuwa. Tiyata ta tsayar da sababbin kurata ne kawai. Amfanin yana bayyana a hankali, cikin watanni zuwa shekaru, kuma ba a ajiye magani don an yi aiki. Mai taimoma kuwa, cire ƙarin don ƙarin ne kansa, yana iya kutsawa cikin huhu ko jakar zuciya. Wani sai an bi da gashin radiyo, wato ƙona ragowar ƙarin da hasken na'ura, kuma ana bibiyarsa da hoto shekaru masu yawa don yakan dawo a makare.

Magani, da magungunan da ke kayar da mutum

Mary Walker ta gwada wani magani mai rage raunin a Landan a 1934. Jikansa shi ne firidostigmin, wanda aka fi sani da Mestinon, ƙwayar miligiram 60. Yana hana narkar da asetilkolin don ya daɗe yana neman makarɓan da suka rage. Ana farawa da rabi ko ɗaya, kowane awa 4 zuwa 6. Yana fara aiki cikin minti 30 zuwa 45, ya riƙe awa 3 zuwa 4, don haka mai wahalar tauna ya sha rabin awa kafin abinci, kuma kada ya shiga cunkoson Legas ba tare da ƙwaya a aljihu ba. Murɗar ciki, zawo, yawan miyau da rawar tsoka alamar ya yi yawa ne, kuma in aka zarce shi kansa yana kawo rauni. Ba ya taɓa tushen ciwon. Masu MuSK da yawa ba ya yi musu daɗi, wani maganin danne garkuwa, rituksimab, ya fi karɓarsu. Batun azumi a tattauna da likita tun Sha'aban: maganin awa 4 ba zai riƙe yinin awa 13 ba, kuma wanda haɗiya ko numfashi ke ba shi wahala yana da uzurin mara lafiya.

Firednisolon, ɗan'uwan firednison, shi ke danne garkuwa, har sansanonin cikin taimus yana ragewa. Amma yana da tarko: in aka fara da babban awo, rauni kan ƙaru a cikin mako biyun farko kafin sauƙi ya zo. Shi ya sa a waje da asibiti ake farawa da miligiram 10 zuwa 20 a riƙa hawa. A duba tarin fuka, ciwon hanta nau'in B, sukari da hawan jini kafin a fara. Azatiyofirin, miligiram 2 zuwa 3 ga kowane kilo, yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara kafin a ga aikinsa, kuma yana buƙatar awon jini da hanta a kai a kai. Sababbin magunguna sun fito, ekulizumab mai tare kwamfilimen a 2017, efgatijimod mai saurin kwashe antibodi a 2021, amma tsadarsu ta fi ƙarfin kusan kowa.

A ganina abin da ya fi kashe mai mayasteniya a unguwanninmu ba rashin waɗannan ba ne, kemis ɗin bakin layi ne. Zazzaɓi ya zo, a ce taifot ne, a ba da sifrofuloksasin. Ko a yi allurar jentamaisin. Ko kwinin da kulorokwin don maleriya, ko azitromaisin don tari. Dukkansu suna raunana saƙo a mahaɗar jijiya da tsoka, ga zazzaɓin kansa yana tayar da ciwon. Haka magungunan hawan jini irin su furofanolol, har ɗigon ido na timolol. Mafi haɗari ga mata shi ne magnesiyom salfet, allurar da ake yi wa mai jijjigar haihuwa: ga mai mayasteniya tana iya tsayar da numfashi. A rubuta sunan ciwon da jerin magungunan nan a kati, ya zauna a jaka, a nuna wa duk wanda zai rubuta magani, a kuma faɗa wa ma'aikatan awon ciki tun zuwan farko.

Kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu ciwon sukan faɗa matsanancin hali ko da sau ɗaya, inda tsokar numfashi ke gazawa. Akwai awon gida mai sauƙi: a ja numfashi a cika ƙirji, a ƙirga da murya, wajen lamba biyu a daƙiƙa. Mai lafiya yakan wuce 30. In ya kasa kai 20, ko kai ya fara rinjayar wuya, ko ruwa na fitowa ta hanci, ko ba ya iya kwanciya rigingine, a tafi asibiti a lokacin, ko a kira lambar agajin gaggawa ta Legas, 112 ko 767. Kada a dogara da na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa. Tana iya nuna 97 alhali gurɓatacciyar iska na taruwa a jini, sai a ƙarshe lambar ke faɗuwa.

Mai ciwon tana iya ɗaukar ciki ta haihu lafiya, sai dai antibodi yana ratsa mahaifa. Jarirai 10 zuwa 20 cikin 100 sukan zo da rauni na ɗan lokaci: kuka ba ƙarfi, kama nono da kyar, jiki saɓule, wani lokaci numfashi sama-sama. Yakan bayyana cikin kwana 2 zuwa 3 na farko, ko da uwar tana cikin sauƙi, kuma yana wucewa cikin 'yan makonni in antibodi ɗin uwar ya ƙare a jininsa. Saboda haka a haihu a asibitin da ke da sashen jarirai, kuma ko kakanni sun matsa a koma gida a fara wankan jego, a bari jaririn ya cika kwana ukun nan a gaban ma'aikata.